Shin da gaske murya ce ta kashe kasuwar John Gilbert?

Tambayar da aka yi ita ce: an ce John Gilbert, jarumin da ya fi kowa tashe a Holiwud a ƙarshen zamanin fina-finai marasa magana, kasuwarsa ta mutu ne ranar da aka fara jin muryarsa, wai don siririya ce kamar ta mace. Gaskiya ne? In kuwa ba gaskiya ba ne, me ya kayar da shi?

Malam, zancen murya ba shi da tushe. Gilbert ya fito a fina-finai masu magana fiye da goma tsakanin 1929 da 1934, yawancinsu suna nan, kowa na iya saurara. Muryar namiji ce matsakaiciya, ba ta da kauri sosai, tana fita tar, kuma yana furta kowane harafi da kulawar da a farko ta ɗan yi yawa. Abin da ya same shi ya fi haka tsawo, kuma ba za a gane shi ba sai an san yadda ake gina jarumi a wancan zamani, da abin da na'urar sauti ta rusa a cikin ginin.

Sunansa na yanka John Cecil Pringle. An haife shi a garin Logan na jihar Utah a Amurka ran 10 ga Yuli 1897. Uwarsa, Ida Adair, 'yar wasan daɓe ce mai yawo gari-gari, sunan Gilbert kuwa na mijin da ta aura daga baya ne. Ya shiga harkar fim a 1915 a kamfanin Thomas Ince da ke gefen teku kusa da Santa Monica, yana cikin masu cika fage, ana ba shi dala 15 a mako. Daga nan ya koyi rubuta labari da taimaka wa darakta a ƙarƙashin Bafaranshen nan Maurice Tourneur, har ya ba da umarnin fim guda da kansa a 1921. Wannan yana da muhimmanci, domin mutumin ya san aikin ta bayan kyamara, kuma shi ya sa daga baya ba ya iya yin shiru in aka miƙo masa labari maras kyau. Ya yi shekara uku a kamfanin Fox, inda ya fito a Monte Cristo da Cameo Kirby, sannan ya koma MGM a 1924, shekarar da aka kafa shi.

To me ake nema ga jarumi a lokacin? Da farko fuskar da zaren fim zai karɓa. Zaren da aka fi amfani da shi har tsakiyar shekarun 1920 yana ganin shuɗi da kore, amma makaho ne ga ja. Duk abu ja yana fita baƙi, shuɗi kuma yana fita fari fat. Saboda haka mai shuɗin ido yakan fito kamar ba shi da ƙwayar ido, mai jan kumatu kuma ya fito da dabbare-dabbare, sai an lafta masa hodar mai. Gilbert baƙin ido gare shi manya, da baƙin gashi da fararen haƙora, wato duk abin da wannan zare yake so. Na biyu shi ne jiki. Mai kyamara da hannu yake juya ta, juyi ɗaya hoto takwas, juyi biyu a daƙiƙa ya ba da hoto 16, ko da yake a shekarun 1920 an fi ɗauka a kusan 20 zuwa sama. A gidan silima kuma sau da yawa akan haska fim da gudun da ya ɗan fi na ɗauka. Sakamakon haka motsi yana fita da wani sauƙi da zafin nama da babu shi a zahiri. Mutum mai kuzari irin Gilbert, mai shigowa ɗaki kamar an harbo shi, wannan ƙarin gudu ƙawata shi yake yi.

Na uku, kuma shi ne mutane suka fi mantawa, yadda ake ɗaukar fitowa. Tunda ba a naɗar sauti, darakta yana magana da ɗan wasa tun daga farkon ɗauka har ƙarshenta: juyo, dube ta, dakata, yanzu. A gefe akwai mai goge da mai ƙaramar molo ta Turawa ko ƙaramin organ suna kiɗa don su tayar wa ɗan wasa da tsumi. Ɗan wasan yana faɗin abin da ya zo bakinsa, ba wanda zai ji. Maganar da 'yan kallo za su karanta wani ne daban yake rubuta ta bayan an gama, a katin rubutu da ake sakawa tsakanin hotuna, kuma gwanin wannan aiki yakan rage ta zuwa layi ɗaya ko biyu. Gilbert ɗan wasa ne da ke aiki da zafin zuciya na nan take, ba mai haddace layi yana auna shi ba. Wannan tsari kamar don shi aka yi shi.

Wanda yake son ganin iyakar gwanintarsa ya nemi The Big Parade na 1925, wanda King Vidor ya ba da umarni. Ya aske gashin bakinsa, ya fito a matsayin Jim Apperson, ɗan masu kuɗi da ya tafi yaƙin duniya na farko a Faransa ya dawo da ƙafa ɗaya. Akwai fitowar da yake koya wa wata 'yar ƙauyen Faransa, wadda Renée Adorée ta taka, yadda ake taunar cingam. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, kyamara tana tsaye wuri guda, su biyu suna zaune, amma ba abin da ya ɓace wa mai kallo. Fim ɗin ya yi mako 96 ana haska shi a gidan silima na Astor a Niyok. A shekarar ya yi The Merry Widow a ƙarƙashin darakta Erich von Stroheim, a 1926 ya yi La Bohème da Lillian Gish, sannan Flesh and the Devil tare da Greta Garbo, 'yar Suwidin da ba ta daɗe da zuwa ba. Soyayyar da ke tsakaninsu ta fita daga fim ta shiga rayuwa, jaridu suka samu abin yi. Da Rudolph Valentino ya mutu a watan Agusta 1926, ba wanda ya rage a gaban Gilbert a fagen jaruman soyayya.

A nan tarkon farko yake. Kamfani ya ga abin da ke kawo kuɗi, sai ya riƙa maimaita shi: kakin soja mai ado, gashin baki siriri, sumba mai tsawo. Gilbert na The Big Parade ya koma gefe, aka bar Gilbert masoyi.

Sai sauti ya zo. The Jazz Singer na kamfanin Warner ya fito a Oktoba 1927, zuwa 1929 kuwa kowane babban kamfani ya juya. Ga abin da ya canza a wurin ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. An ƙayyade gudu a hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 na zare a minti, da injin lantarki mai juya kyamara, don in gudu ya yi rawa murya ma za ta yi rawa. Wancan sauƙin motsi ya tafi, kowa ya koma nauyinsa na gaskiya. Kyamara tana ƙara, sai aka kulle ta da mai ita a cikin wani akwati mai tagar gilashi, ba ta iya bin ɗan wasa. Fitilun gawayi masu ƙarfi suna tsaki da makirfo ke ɗauka, aka koma kwan fitila mai zare, wanda ke da zafi ƙwarai. Makirfo ɗin kansa ba ya jin nesa, kuma ba a riga an saba da rataya shi a doguwar sanda ana bin mai magana ba, don haka akan ɓoye shi a tukunyar fure ko bayan fitilar tebur, a ce wa ɗan wasa ga inda za ka tsaya, kada ka juya kai. Darakta ya yi gum. Masu kiɗa sun fita. Wanda ya zama mai faɗa a ji shi ne injiniyan sauti da ke zaune a wani ɗaki yana sauraro, kuma abin da ya dame shi kawai kalma ta fita sarai, shi ya sa 'yan wasan 1929 kusan dukkansu suke magana a hankali, suna raba kalmomi kamar masu karanta sanarwa.

Dubi abin da aka ƙwace wa Gilbert a shekara guda: motsi, kiɗa, muryar darakta, da marubucin kati mai tace masa magana. Duk abin da ya rage shi ne ya tsaya cik ya faɗi abin da aka rubuta.

Abin da aka rubuta ɗin kuwa shi ne babbar matsala. Fitowarsa ta farko da murya a The Hollywood Revue of 1929 ce, inda shi da Norma Shearer suka yi wani yanki na Romeo da Juliet, da farko yadda yake a littafi, sannan suka maimaita da yaren 'yan birni don ban dariya. Ba wanda ya yi ƙorafi. Cikakken fim mai magana da ya fara ɗauka shi ne Redemption, daga wasan Tolstoy, labari mai duhu da ke ƙarewa da mutuwa. Bai yi kyau ba, aka ajiye shi. Sai aka yi His Glorious Night cikin hanzari, Lionel Barrymore ya ba da umarni, aka sake shi a ƙarshen Satumba 1929. Asalin labarin wasan daɓe ne na Ferenc Molnár, marubucin Hungari, kuma shaguɓe ne ga girman kan masu sarauta. A fim ɗin sai shaguɓen ya dushe, aka bar hafsan soja yana rungume da gimbiya, wadda Catherine Dale Owen ta taka a sandare, yana sumbatarta yana nanata mata cewa yana son ta, yana son ta, yana son ta. 'Yan kallo suka fashe da dariya.

Me ya ba su dariya? Ka ɗauki wasiƙar da saurayi ya rubuta wa budurwarsa, wadda in ta karanta a ɗaki za ta ji daɗi har ranta, ka ba sanƙira ya karanta ta da lasifika a dandali. Ko harafi ba a canza ba, amma kowa zai yi dariya, har da masu jin kunya, su ma dariyar ce mafitarsu. A fim mara magana kowane mai kallo shi yake sa wa jarumi kalmomin da yake so a zuciyarsa, da muryar da yake so. Yanzu an cika gida da mutum dubu, ana jin numfashi da ƙarar sumba daga ƙaton ƙahon lasifika a bayan allo. Ba Gilbert kaɗai aka yi wa wannan dariya a shekarar ba, fitowar soyayya mai zafi a fina-finan farko na sauti ta sha gamuwa da ita. Nasa ya fi fitowa fili ne don shi ba shi da wata haja a lokacin sai ita. Mai sharhin jaridar New York Times ya ce muryar tana da daɗin ji ko da yake ba ta da lanƙwasa da yawa, ya ɗora laifin dariyar a kan nanata kalmar so. Mujallar Variety ta yi masa ba'a cewa in ya ƙara irin wannan fim zai iya musayar gurbi da ɗan barkwanci Harry Langdon. Fim ɗin ma bai yi asara ba. Kuskuren da ya fi muni shi ne wanda aka yi bayan wata shida: maimakon a bi shi da fim mai ƙarfi, sai aka ciro Redemption daga inda aka ajiye shi aka saka a kasuwa a Afrilu 1930. Mai kallo bai san wanne aka fara ɗauka ba, abin da ya gani shi ne jarumi yana ƙara lalacewa.

Akwai zancen da ake yawan yi cewa shugaban kamfanin, Louis B. Mayer, shi ya sa injiniyoyi suka murɗa na'ura don muryar ta sirance. Ƙiyayya tsakaninsu gaskiya ce. Ana danganta ta da ranar auren King Vidor da Eleanor Boardman a Satumba 1926, inda aka ce Garbo ta yi alkawarin a ɗaura nata da Gilbert a rana guda amma ba ta zo ba, Mayer ya yi wata magana ta rashin ɗa'a a kanta, Gilbert ya kai masa naushi. Boardman ce ta ba da wannan labari bayan shekaru, kuma akwai masana tarihin fim da ba su yarda da shi ba. Amma batun murɗa na'ura ana iya auna shi da lissafi. A 1929 hanya ɗaya ce ta ɗaga murya sama: a canza gudu. Kafin kunne ya ji namiji ya koma siririyar murya, sai an ƙara gudun da aƙalla kashi 12 cikin 100. In an yi haka ga sauti kaɗai, cikin daƙiƙa goma baki da magana za su rabu da fiye da daƙiƙa guda, kowa zai gani. In an yi ga hoto da sauti tare, muryar gimbiyar da ke tsaye kusa da shi da ta kowa a fim ɗin za ta tashi, tunda tare ake naɗarsu a lokaci guda. Abin da injiniya zai iya shi ne ya rage kaurin sauti, murya ta fita ba jiki. To wannan kuwa na'urorin lokacin suna yi wa kowa ba tare da an sa su ba. Tushen muryar namiji yana girgiza ne tsakanin sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, ƙahonin gidajen silima na farko kuma ba su da ƙarfi a wannan yanki. Gidajen da ke amfani da faifai wajen fitar da sauti suna da ƙarin matsala: faifai mai faɗin inci 16, ɗaya ga kowane naɗin zare, yana gogewa da sauri har an ƙayyade a daina amfani da shi bayan haskawa kamar ashirin. Mai kaurin murya sosai yana da rarar da zai tsira da ita. Mai matsakaiciya irin Gilbert shi ne ke fita a rame.

Kwatanta shi da waɗanda suka haye zai nuna inda aka yi sakaci. Samuel Goldwyn ya fitar da Ronald Colman, shi ma jarumin soyayya mai gashin baki, a Bulldog Drummond a 1929, labarin kasada mai raha da saurin magana, babu dogon kirarin so. Garbo kuwa, wadda take da lafazin baƙi mai nauyi, MGM ɗin nan dai ya yi ta jan ƙafa da ita, ya bar ta tana fina-finai marasa magana har ƙarshen 1929, sai da aka samo Anna Christie, inda jarumar 'yar asalin Suwidin ce, lafazin ya zama ado. Fim ɗin ya fito a 1930, lokacin na'urori sun gyaru. Kamfanin ya san yadda ake tsallakar da tauraro. Bai yi wa Gilbert ba.

Dalilin rashin yi ɗin, a ganina, yana cikin kwantiraginsa fiye da cikin naushi. A ƙarshen 1928 kamfanin United Artists yana zawarcinsa. Nicholas Schenck, shugaban Loew's da ke Niyok, wato uwar kamfanin MGM, shi ya ɗaure shi da kansa a kan dala 250,000 kowane fim, ba ta hannun Mayer ba. A ce ladan mutum ɗaya ke nan kafin a sayi ƙafa guda ta zare. Duk kuɗin da Warner ya kashe a The Public Enemy na 1931, fim ɗin da ya ɗaga James Cagney, bai kai wannan ba. Muddin Gilbert yana cika gidaje, lissafin yana fita. Da ya yi tuntuɓe sau biyu, kuma kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoba 1929, sai kowane fim nasa ya zama asara tun kafin a fara. Mai kamfani a irin wannan hali ba ya zuba babban darakta da babbar jaruma da labari mai tsada a kan ladan da ya riga ya yi nauyi. Yana rage sauran kuɗin ne, yana fatan mutumin ya gaji ya tafi. Shi kuma Gilbert ya yi hasara mai yawa a rushewar kasuwar, ga taurin kai, ya ƙi sakin takardar. Gaba kura, baya sayaki: in ya tafi ya rasa kuɗin, in ya zauna ana ba shi fina-finan da ke ƙara binne sunansa. Haka aka yi Way for a Sailor, Gentleman's Fate, West of Broadway da sauransu. Kuma a daidai wannan lokaci ɗanɗanon 'yan kallo ya juya. Mutanen da ke layin neman aiki ba hafsa mai safar hannu suke son gani ba, Cagney da Clark Gable suke so, masu magana gatse-gatse.

Duk da haka a cikin waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya fi rufe bakin masu zancen murya. Downstairs na 1932 shi ya rubuta labarin, ya sayar wa kamfanin a kan dala ɗaya don dai a yi shi. Ya fito a matsayin Karl, direban gidan wani mai sarauta, mayaudari mai lalata da matan gida yana karɓe musu kuɗi, ba ko ɗigon nadama. Saurari yadda yake magana a nan: a sake, da sauri, yana cin abinci yana zance, duk wancan taka-tsantsan na 1929 ya tafi. Masu sharhi sun yaba, amma masoyansa na da ba su zo ganin gwarzonsu ya zama ɗan iska ba, sababbin 'yan kallo kuma sun riga sun ji cewa ya ƙare. Kwantiragin ya cika da Fast Workers a 1933.

A shekarar ce Garbo ta sa aka cire Laurence Olivier, wanda aka riga aka ɗauka, aka ba Gilbert matsayin jakadan Sifen a Queen Christina. Sunanta a saman sunan fim, nasa a ƙasa, akasin yadda suka fara a 1926. Ya yi aikin da kyau, sai dai fim ɗin nata ne, kuma sabuwar yarjejeniyar da ya sa wa hannu don samun matsayin ta sake ɗaure shi. A 1934 har talla ya saya a wata jaridar 'yan fim yana shelar cewa MGM ba ya ba shi aiki kuma ba ya sakin sa.

Ba za a tsallake giya ba. Yana sha tun yana kan ganiya, amma daga 1930 abin ya zama ciwo: rashin barci, gyambon ciki mai zubar da jini, aure huɗu duk sun mutu. Ko da a ce an ba shi labari mai kyau a 1934, da wuya jikin ya ɗauka. Fim ɗinsa na ƙarshe, The Captain Hates the Sea na kamfanin Columbia, ya fito ne a matsayin marubuci mashayi da ya hau jirgin ruwa don ya daina sha ya kasa, kuma ba ya buƙatar wani ya koya masa yadda ake taka wannan.

Abin da ya sa ƙaryar murya ta daɗe kuwa yana da dalili mai sauƙi. MGM ya sayar wa Paramount haƙƙin wasan Molnár, wanda suka sake yi a 1960 da Sophia Loren, don haka His Glorious Night ya ɓace daga kasuwa shekaru da dama, ba mai iya dubawa ya ƙaryata. A 1952 kuma Singin' in the Rain, na MGM ɗin dai, ya kwaikwayi fitowar nan ta nanata kalmar so don ban dariya, a cikin labarin da ke da wata tauraruwa mai ƙaramar murya mai tsini. Abu biyu suka haɗe a ƙwaƙwalwar jama'a suka zama ɗaya. 'Yarsa, Leatrice Gilbert Fountain, ta fitar da tarihin rayuwarsa a 1985 tana ƙalubalantar zancen, kuma tun da aka fara nuna fina-finansa na sauti a talabijin masana da yawa suka daina maimaita shi.

A 1935 Marlene Dietrich ta tsaya masa, ta raba shi da kwalba na ɗan lokaci, ta samo masa matsayi na biyu a fim ɗinta Desire tare da Gary Cooper. Kafin a fara ɗauka zuciyarsa ta buga, aka ba John Halliday gurbin. Bugu na gaba ya zo ran 9 ga Janairu 1936 a gidansa da ke Kalifoniya, ya rasu yana da shekara 38.